Babi na Shida: Yaronmu Ne

Daren Talata, 16 ga Satumba 2025, a Keana ya riske ni. Damina ce, kuma duk wanda ya saba da gidan kallo ya san ba shi da abokin gaba kamar hadari, don da zarar ya haɗo sai hoto ya daskare, ɗan wasa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. A daren nan sama ta yi mana adalci. Gidan kallon shi ne wanda na saba zuwa tun ina koyarwa a garin: rumfar kwano, bencina jere, manyan akwatunan talabijin biyu, janareta a bayan katanga yana ta kukansa. Da yamma an nuna Arsenal a Bilbao ta ci biyu ba ko ɗaya, don haka mu 'yan Arsenal muka shiga wasannin ƙarfe takwas da bakin magana. Akwatin dama Real Madrid ce da Marseille. Na hagu Tottenham da Villarreal.

Ana minti 22 Mason Greenwood ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Arda Güler, ya ja ta, ya miƙa wa Timothy Weah, shi kuma ya dirka ta a ragar Madrid. Rumfa ta ɗauka. 'Yan Barca ne suka fara tsalle, don su duk wanda ya mari Madrid ɗan'uwansu ne na wannan dare. Sai 'yan Man U, waɗanda a kakar ko gasar Turai ba sa ciki, suka miƙe suna bugun ƙirji. Wani mai gyaran babur ya ɗaga murya: "Yaronmu ne! Surutun Turawa ne ya sa muka zubar da shi!"

Wani ɗan Arsenal da ke gefena ya ce, "Yaron naku da 'yan sanda suka kama?"

"Malam, juya ka dubi wancan akwatin, ka gaya mini wane ne zaune a bencin Villarreal."

Thomas Partey ne. Aka bushe da dariya, aka tafa, magana ta mutu. Tsakanin tambaya da amsa ba a yi daƙiƙa goma ba, kuma cikin su biyun babu wanda ya ambaci matan da maganar ta shafa.

Ga wanda bai bi labarin ba, ga yadda yake. An kama Greenwood a Janairun 2022, yana ɗan shekara 20, bayan wasu hotuna da sautin murya sun bazu a intanet. A Oktoban shekarar aka tuhume shi da yunƙurin fyaɗe da duka da takura wa mace. A Fabrairun 2023 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar, suka ce manyan shaidu sun janye kuma sababbin bayanai sun fito. Ya musanta laifukan, kotu kuma ba ta taɓa kama shi da su ba. Manchester United ta yi nata binciken na cikin gida, ta kusa maido shi fili, sai wasu magoya bayanta, mata a kan gaba, suka yi zanga-zanga a ƙofar Old Trafford. A ranar 21 ga Agusta 2023 kulob ɗin ya sanar cewa za su rabu. Ya tafi aro Getafe, sannan Marseille ta saye shi a Yulin 2024, duk da magajin garin, Benoît Payan, ya fito fili ya ce bai yarda ba. A wasansa na farko ya ci biyu. A ƙarshen kaka yana da 21 a gasar Faransa, kunnen doki da Ousmane Dembélé. Hayaniyar da aka yi kafin zuwansa ta yi ta raguwa daidai da yadda ƙwallayen ke ƙaruwa.

Shi kuwa Partey, kwantiraginsa da Arsenal ya ƙare ranar 30 ga Yuni 2025, kwana huɗu bayan haka aka tuhume shi da laifin fyaɗe biyar da cin zarafi ɗaya, game da mata uku. Villarreal ta ɗauke shi a Agusta, wasu magoya bayanta suka sa hannu a takardar koke, shugabanta Fernando Roig ya ce ba a hukunta mutum kafin alƙali ya hukunta shi. Washegarin daren da nake ba da labari ya tsaya a kotun Southwark a Landan ya ce bai aikata ba. A lokacin da nake wannan rubutu maganar tana hannun kotu, ni kuma ba alƙali ba ne. Abin da ya dame ni mu ne, 'yan kallo.

Shekara uku cur 'yan Arsenal na Keana, har da ni, muna gasa wa 'yan Man U magana da sunan Greenwood. Da abin ya juyo kanmu, sai ga mu muna faɗin kalmomin da muka yi musu dariya a kansu, ɗaya bayan ɗaya: zargi ne kawai, kuɗinsa ake so, don baƙar fata ne, a bari kotu ta yi aikinta. Wasu daga cikin maganganun nan gaskiya ne. Zargi ba hukunci ba ne, kuma wanda ya ce baƙar fata ba ya shan wahala a Turai bai san Turai ba. Amma me ya sa ba mu tuna da su ba sai da abin ya zo kan mai sa rigarmu? Su kuma 'yan Man U, da suka shekara uku suna wa'azin kada a yanke hukunci da jita-jita, a dare ɗaya suka yanke wa Partey nasa. Hausawa sun gama magana tun da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada a ɗauka mai goyon baya mutum ne da ke yafe komai. Akwai laifin da ba ya yafewa har abada, kuma shi ne ya fi bayyana halinmu.

A Yulin 2000 Luis Figo, wanda mutanen Barcelona suka ɗauka tamkar ɗan gida, ya koma Real Madrid a kan kuɗin da a lokacin ba a taɓa sayen ɗan ƙwallo da shi ba, bayan Florentino Pérez ya ci zaɓen shugabancin kulob da alƙawarin kawo shi. Ranar 23 ga Nuwamba 2002 ya je bugun kwana a Camp Nou, aka yi masa ruwan kwalabe da kwabbai, har da kan alade gasasshe. Sai da alƙalin wasa ya tsayar da wasa fiye da minti goma. Figo bai daki kowa ba, bai taɓa 'yar kowa ba. Wurin aiki ya sauya. Yau akwai samari a Keana da ba a haife su ba lokacin da abin ya faru, ba su taɓa taka ko filin jirgin Abuja ba balle Sifaniya, amma ka ambaci Figo ka ji sun ce maci amana.

Namu na kusa shi ne Mikel Obi, ɗan Jos, wanda ya taso a Plateau United. Kafin 1 ga Oktoba 1996 mu da Jos jiha ɗaya muke, shi ya sa mutanen nan suka ɗauki rigimarsa ta gida. A Afrilun 2005 aka nuna shi sanye da rigar Manchester United yana murmushi, an ce ya sa hannu daga Lyn ta ƙasar Nowe. Ba a jima ba ya ce matsa masa aka yi, shi Chelsea yake so. Aka shekara ana ja-in-ja, sai a Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya United fam miliyan 12, ta biya Lyn miliyan 4. 'Yan Man U na Lafia suka sa masa ido shekara goma, ko ya ba da ƙwallo baya sai sun ce Allah ya raba su da kaya. 'Yan Chelsea kuwa, waɗanda da yawansu saboda shi da Drogba da Essien suka shigo, ba ka isa ka taɓa shi ba. Yaro ɗaya, takarda ɗaya, hukunci biyu.

Ni kaina ina da nawa. Robin van Persie ya bar mu a 2012 ya koma Man U, ya ci 26, ya ɗauki kofin Firimiya a kakarsa ta farko. Har gobe idan aka nuna fuskarsa sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na auna wannan tokarewar da abin da na ji ranar da aka karanta tuhumar Partey, ban ji daɗin abin da ma'aunin ya nuna mini ba.

Akwai mataki na gaba, inda laifin ɗan wasa shi ne addininsa, ko ma sunansa kawai. A Glasgow, Rangers ta Furotesta ce, Celtic ta Katolika. A Yulin 1989 kocin Rangers Graeme Souness ya ɗauko Mo Johnston, ɗan Katolika, tsohon ɗan Celtic, wanda makonni kaɗan kafin nan aka nuna shi da rigar Celtic ana cewa zai dawo gida. Wasu 'yan Rangers suka ƙone gyalen kulob, suka ce sun bar zuwa fili. 'Yan Celtic suka kira shi Yahuza. A Nuwamban shekarar ya ci Celtic ƙwallo ɗaya tilo ana dab da tashi, da yawa daga masu ƙone gyale suka nemi sabo.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Beitar ta Birnin Ƙudus, kulob ɗin da wani gungun magoya bayansa, La Familia, ke alfahari da cewa Balarabe bai taɓa sa rigarsa ba. Wani ɗan Najeriya Musulmi, Ndala Ibrahim, ya ɗan taɓa zama a can wajen 2005, bai daɗe ba saboda abin da ya gani a hannun 'yan kallo. A farkon 2013 mai kulob ɗin, Arcadi Gaydamak, ya kawo Musulmi biyu daga Checheniya, Zaur Sadayev da Dzhabrail Kadiyev. Aka cinna wa ofishin kulob wuta, kofuna da kayan tarihi suka ƙone. Ranar da Sadayev ya ci ƙwallonsa ta farko, ɗaruruwan magoya baya suka tashi suka fice daga fili. Ka ji inda ƙwallo a raga ta kasa wanke mutum.

A 2019 Beitar ta sayi Ali Mohamed, ɗan Yamai, ɗan wasan tsakiya na Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar. La Familia ta yi nata binciken, ta sanar cewa ta gano Kirista ne, don haka ba ta da matsala da shi, sai dai a sauya masa suna, don kada a ji an kira Mohamed a filinsu na Teddy. Mai kulob na lokacin, Moshe Hogeg, bai lallashe su ba, ya ce duk wanda ya zagi yaron su haɗu a kotu. Ali ya shiga fili da sunan da iyayensa suka raɗa masa, ya yi wasa mai kyau, filin ya koma kiran sunansa. A 2021 ya wuce Maccabi Haifa.

Duk lokacin da na ba da wannan labari a majalisa sai a yi ta salati, ana Allah wadai da ƙiyayya irin wannan. Daidai ne. Sai dai nakan tuna yadda sunan Mesut Özil ya jawo wa Arsenal dubban masoya a Arewa, ba don ƙafarsa ta hagu kaɗai ba, har da tafin hannu da yake ɗagawa yana addu'a kafin a take wasa. Da ya yi magana kan Musulmin Uighur na ƙasar Sin a Disambar 2019, Arsenal ta yi maza ta ce ba da yawunta ba. Abokaina da yawa suka rantse sun bar kulob ɗin. Özil ya tafi Fenerbahçe a Janairun 2021. Su kuwa suna nan, bencinmu ɗaya.

To me muke riƙe da shi haka da ba ma iya saki? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma amsar da na samu ba ta wuce bakin ƙofar rumfar nan ba. Mutumin Keana da ke goyon bayan Chelsea bai san unguwar Fulham ba, ba shi da kakan da ya taɓa kai shi Stamford Bridge. Abin da yake da shi shi ne gurbinsa a benci, da sunan da aka san shi da shi. Akwai mutanen da a garin nan ba a kiransu sai da sunan kulob ɗinsu. Idan ya yarda cewa ɗan wasansa ya yi abin kunya, gobe da safe a teburin mai shayi shi za a yi wa tsiya, ba mai kulob ba. Kare ɗan wasa da yake yi, fuskarsa yake karewa.

Kuma ban raina wannan benci ba. Keana garin Alago ne, ƙarƙashin sarkinsu Osana, amma a ƙaramar hukumar akwai Tibi da Hausa da Fulani da sauransu, ga masallaci ga coci. Wanda ya san abin da rikicin manoma da makiyaya ya yi wa yankin Kadarko da Giza ya san darajar wurin da za ka ga Bafulatani da Batibi sun rungume juna don Saka ya ci ƙwallo. A rumfar nan ba a tambayar yarenka, kulob ɗinka ake tambaya. Abin da ya haɗa mutane irin haka ba a sakinsa don wani labari daga Landan. Matsalar ita ce ɗaurin da ya haɗa mu shi ne kuma ya rufe mana ido.

Akwai inda magoya baya suka ce a'a, kuma a'ar ta yi aiki. Kirkcaldy ƙaramin gari ne a Sikotilan, kulob ɗinsa Raith Rovers, a rukuni na biyu. Ranar 31 ga Janairu 2022 suka sayi David Goodwillie, ɗan wasan gaba mai cin ƙwallo, wanda a 2017 wata kotun ƙararrakin jama'a ta yanke cewa shi da wani abokin wasansa sun yi wa wata mata fyaɗe, ko da yake ba a gurfanar da shi a kotun manyan laifuka ba. Shugabannin kulob suka ce su ƙwallo suka duba. Marubuciya Val McDermid, wadda ta tashi da son kulob ɗin tun tana yarinya kuma sunanta ke gaban rigarsu, ta janye kuɗinta. Kyaftin ɗin ƙungiyar mata, Tyler Rattray, ta ajiye riga bayan shekara goma. Daraktoci biyu suka yi murabus, masu aikin sa-kai suka ƙi fitowa. Cikin kwana uku kulob ya ba da haƙuri. Goodwillie bai buga musu ko minti ɗaya ba.

Abin lura, waɗanda suka juya wa Raith baya su ne suka fi kowa sonta. Kuma suna da abin da za su janye: kuɗin tikiti, tallafi, gumi. Mu fa? Kuɗin da muke biya a bakin ƙofa na mai janareta ne. Rigar da muke sawa ta gwanjo ce ko ta kasuwar Lafia, sisi ba ya isa Landan. Ko Keana gaba ɗaya ta bar Arsenal yau, babu wanda zai sani a Emirates. Wani zai ce to ai shi ke nan, tunda ba mu da iko ba mu da alhaki. Ni a ganina akasin haka ne. Tunda bakinmu kaɗai muke da shi, kuma ba ya isa Landan, a nan yake sauka, a kunnen yaran da ke leƙe ta ramin kwano. Su ne ke jin manya suna cewa idan ɓera da sata daddawa ma da wari, me ya kai ta ɗakinsa. Ba Greenwood suke koyo ba. Suna koyon abin da za a ce ranar da wata yarinya a unguwarsu ta kawo ƙara.

Kulob ɗin da muke da hannu a kansa yana nan kusa, a bi ta Obi a shiga Lafia. Nasarawa United ta gwamnatin jiha ce tun 2003, kuɗin jama'a ke tafiyar da ita, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Tarayya a 2016 ta sha kashi a hannun kulob ɗin Ifeanyi Ubah a bugun fanareti. Ga kuma Nasarawa Amazons ta mata, wadda ta ɗauki kofin ƙasa. A gasar gida 'yan wasa na yawo kamar fatake, bana Lafia, baɗi Makurdi wurin Lobi Stars, wata shekara Kano ko Aba, kuma ba kasafai ake kiran kowa maci amana ba, don kowa ya san albashi ake bi. Da wuya ka ji an tambayi halin wanda aka ɗauko. A nan ne tambayarmu za ta iya isa kunnen wani, a nan ne kuma ba ma yin ta, don yawancinmu mun fi sanin benci na biyu na Chelsea a kan sha ɗayan farko na Lafia.

Bari in faɗi nawa laifin. Ranar 16 ga Afrilu 2025, a Bernabéu, Arsenal ta fitar da Real Madrid bayan ta ci ta uku ba ko ɗaya a Landan. Ana dab da tashi Partey ya karɓi katin gargaɗi na banza, wanda ya hana shi buga karon farko da PSG. Muka sha kashi ɗaya ba ko ɗaya a gida, Dembélé ya ci tun minti huɗu. Na yi mako ina cewa da Partey na nan da ba haka ba. A lokacin raɗe-raɗin binciken 'yan sanda ya daɗe yana yawo a wayoyinmu. Na gani. Na wuce da yatsa, kamar yadda ake wuce tallan maganin basir.

A wancan dare na Satumba, can wajen ƙarshen wasa aka sako Partey, filin Tottenham ya ɗauki ihu. Mu kuma, tunda Tottenham ce, sai muka koma 'yan Villarreal na minti goma sha biyar. Duk taɓawar da ya yi sai wani ya ce, "Kai, mun yi asarar yaron nan." Villarreal ta sha kashi da ɗaya. A ɗaya akwatin Mbappé ya ci fanareti biyu, Madrid ta tsira. Aka kashe janareta, kowa ya kunna fitilar wayarsa.

Na sauka a gidan da na taɓa zama haya. Mai gidan dattijuwa ce, Alago, cikin matan da suka gaji aikin gishiri daga iyayensu mata. Gishirin Keana aikin mata ne tun kaka da kakanni: su ke ɗibar ruwan, su shanya a ƙasa, su tace, su dafa. Da damina aikin kan tsaya, don haka da safe na same ta a tsakar gida tana ɓarar agushi. Jikanta, ɗan aji biyu a sakandare, sanye da rigar Arsenal mai lamba 5 wadda ta sha wanki har sunan bayanta ya fara ɓarewa, yana ba ta labarin daren jiya, yadda Turawa suka yi wa Partey ihu don baƙin ciki.

Ta ce, "Malam, me ya yi musu?"

Na ce, "Mama, zarginsa ake yi. Wasu mata ne suka kai ƙara. Yau ma zai je kotu."

"Su nawa?"

"Uku."

Ta watsa ɓawon da ke hannunta gefe, ta ɗebo wani. "Su matan, a cikinku wa ke goyon bayansu?"

Yaron ya yi dariya ya ce, "Kaka, ai su ba kulob ba ne."

Ta dube shi, ta dube ni. Na ce bari in je tasha kada motar Lafia ta cika.